Likitanci, Nas, Lab ko Bayokemistiri: lissafin da muka yi a gidan yayata kafin a taɓa fom

Ranar da sakamakon JAMB ya fito yayata ta kira ni ina tsakiyar darasi, ta ce in na tashi in biyo ta Anguwan Rogo, 'yarta ta ci 231 kuma tun safe ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ni Kemistiri nake koyarwa a wata sakandare a nan Jos, shi ya sa duk abin da ya shafi fom ko admishan a danginmu ni ake nema. Na isa ana yayyafi, aka shigar da tabarma falo, aka zazzage takardun WAEC da NECO daga cikin wata jakar leda da ake ajiye su ƙarƙashin katifa. Yarinya ta fito ido ya kumbura ta ce, Kawu ni fa likita nake so in zama, ban da shi ba na son komai. Babanta kuma ya riga ya gama nasa lissafin, wai mai kafe, wato mai shagon intanet da ake cike fom, ya ce masa a canza mata zuwa Bayokemistiri kawai, idan ta shiga ta dage a aji ɗaya sai ta tsallaka Likitanci cikin sauƙi. Da na ji wannan maganar sai da gabana ya faɗi, domin ita ce dai aka faɗa wa mahaifina a kaina shekarun baya, kalma ba ta canza ba.

Na ce masa Yaya ka yi haƙuri kar a taɓa fom ɗin nan yau, a ba ni takarda da biro. Abin da muka zauna muka lissafa a daren nan shi ne nake so in baje a nan, don na san gidaje da yawa daga Rikkos har Gangare har Nasarawa suna cikin irin wannan zaman a yanzu.

Farko dai maki. JAMB darussa 4 ne, Turanci dole, tambayoyi 180, jimillar maki 400. Mutane suna jin an ce katof na jami'a 150 ne kamar yadda aka tsayar a 2025 sai su ɗauka duk wanda ya haura haka ya samu shiga, alhali wannan ƙasan layi ne kawai, wato jami'a ba ta da ikon ɗaukar wanda bai kai shi ba, daga nan kowace makaranta ta sa nata, kowane sashe kuma ya sa nasa a kan na makaranta. 231 ba ƙaramin maki ba ne fa, a sakamakon farko na 2025 cikin yara fiye da miliyan 1.9 sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Amma Likitanci ba da sauran yara kike gasa ba, da waɗanda suka fi kowa ci ne, kuma kujerun ƙididdigaggu ne saboda MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, ita ce take yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya yayewa, ko shugaban jami'a kawunki ne ba zai ƙirƙiro kujerar da babu ita ba. A abin da idona ya gani cikin ɗalibaina, waɗanda suke samun Likitanci a jami'ar tarayya makinsu ya yi wa nata nisa sosai.

Sai abu na biyu wanda shi ne ya fi kayar da yara kuma ba a cika kallonsa ba, takardar sakandare. Ƙa'ida ita ce kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Na ɗauki WAEC ɗinta, komai lafiya sai Fiziks D7. Na ɗauki NECO, Fiziks C5 amma Kemistiri ya zame. Wato sai an haɗa biyun kafin ta cika Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yawancin kwasa-kwasai wannan ba matsala ba ce, amma Likitanci jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so, wasu har Famasi da Nas suna sa musu wannan sharaɗin. Kuma akwai jami'o'in da ba sa yin wata jarrabawa bayan JAMB, tantancewa kawai suke yi ta intanet, su ba A1 makinsa, B3 makinsa, C6 makinsa, su haɗa da na JAMB su fitar da jimilla, to a irin wannan wuri mai tarin C5 da C6 yana baya tun kafin a fara ko da JAMB ɗinsa ya yi kyau. Inda ake zama a rubuta jarrabawar tantancewa kuwa yaro yana da damar ya rama. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya sa ka zaɓi wata jami'a ka bar wata, kuma ana ganinsa ne a sanarwar makarantar da kundin JAMB, ba a bakin mai kafe ba.

To bari in zo kan kwasa-kwasan kansu, don a nan muka fi daɗewa.

Likitanci shekara 6 ne idan komai ya tafi daidai, babu yajin aiki babu maimaici. Bayan nan shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, wato shekara 8 kafin ka tsaya da ƙafarka, in kuma kana son ka ƙware a wani fanni akwai wasu shekarun a gaba. Shiga ma ba ita ce ƙarshen wahala ba, a aji ɗaya ana tace mutane, sannan ga babbar jarrabawar nan ta Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri wadda take mayar da mutane gida ko ta jefa su wani sashe bayan sun ci shekara 3. Ni ba na hana kowa, wallahi muna bukatar likitoci musamman mata, duk wanda ya taɓa raka matarsa awo ya ga layi ya san haka. Amma ina so yarinya ta san abin da take nema, kuma gida su san shekarun da za su ɗauka suna ciyarwa.

Nas na jami'a, wanda ake ba da digirin BNSc, shekara 5 ne sai shekara 1 ta koyon aiki. Darussan JAMB iri ɗaya ne da na Likitanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, haka ma kiredit ɗin. Da can mutane suna ɗaukarsa a matsayin wurin fakewa idan Likitanci ya ƙi, yanzu kam ya daina zama haka, tun da aka ga nas-nas suna samun aiki a Ingila da Saudiyya kowa ya yo kansa, makin da ake nema ya matso kusa da na Likitanci, shi ma kuma hukumar nas-nas da ungozoma tana da adadin da ta yanka wa kowace makaranta. Sai dai Nas yana da ƙofa ta biyu wadda Likitanci ba shi da ita, kwalejin nas, irin wadda muke da ita a Vom. Yanzu su ma ta JAMB ake bi, kuma ƙasan layinsu a 2025 maki 140 ne. Wanda ya fito daga can da lasisinsa nas ne cikakke, zai yi aiki a asibiti, daga baya in yana so ya nemi shiga jami'a kai tsaye ya ɗora digiri. Da 231 yarinyarmu a wannan layin tana gaba-gaba, ba a baya ba. Abin da na gaya mata kawai shi ne aikin nas aikin jiki ne da haƙuri, kwanan asibiti, wankin ciwo, juya mara lafiya, tsayuwa har ƙafa ta kumbura, in don farin kaya ne kawai ba za ta jure ba.

Famasi yanzu shekara 6 ne a tsarin PharmD, sai koyon aiki shekara 1 kafin PCN, hukumar masu harhaɗa magunguna, ta ba ka cikakken lasisi. Jami'ar Jos ta daɗe da suna a wannan fannin, shi ya sa gasar a nan gida ba wasa ba ce. Wanda Kemistiri yake ba shi wahala ya yi nesa da shi, gaskiya, don daga farko har ƙarshe Kemistiri ne yake canza riga. Amfaninsa kuma a fili yake, kana iya aikin asibiti, kana iya kamfanin magani, kana iya NAFDAC, kana iya buɗe kantinka da lasisinka, ka duba manyan kantunan magani na cikin gari, kowanne sai da lasisin mai wannan digirin yake tsaye.

Kimiyyar Lab, wato BMLS, shi ne wanda na fi daɗewa ina yi musu bayani don a gidan babu wanda ya san ma digiri ne mai zaman kansa. Shekara 5 ne, sai koyon aiki shekara 1, hukumar MLSCN ce take ba da lasisi. Na ce wa yayata, Yaya kin tuna lokacin da Hajiya ta kwanta, likita ya duba ta ya ce ba zai rubuta komai ba sai an kawo sakamakon jini? Kin tuna matar da ta ɗaure mata hannu da roba ta ɗebi jinin a 'yar kwalba mai jan murfi, ta rubuta lamba a jiki, muka zauna a benci awa biyu muna jira? To takardar da ta sa wa hannu ita ce ta gaya wa likita abin da zai yi. Wannan aikin ne. Ba ya cikin hayaniya, ba kowa yake ganinka ba, amma babu asibitin da zai yi kwana ɗaya ba tare da shi ba, kuma mai lasisi yana iya buɗe nasa lab ɗin. Shi ma ana rububinsa, kar a ɗauka banza ne, sai dai a yawancin wurare makinsa yana ƙasa da na Likitanci. Kuma shi ma yana da ƙananan ƙofofi, akwai makarantar tarayya ta koyon aikin lab a nan Jos, akwai ta Vom, akwai kwalejin kiwon lafiya ta Pankshin, mutum ya fara daga mataimaki ya hau.

Akwai Radiyogirafi, masu ɗaukar hoton ƙashi da sikanin, da Fisiyoterafi, masu gashin ƙashi da motsa jikin wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki. BUK da Jami'ar Maiduguri duk suna yin su. Yaranmu na Jos ba sa ko kallon wajen saboda ba su taɓa jin sunan ba, alhali duk biyun da lasisi ake fita.

Sai Likitan Dabbobi, shekara 6, wanda ni a ganina mu mutanen Filato mun fi kowa dalilin ɗaukarsa da muhimmanci amma mun fi kowa raina shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, Jami'ar Jos tana da tsangayarsa, ABU ma ta daɗe tana yi, ga gonakin kaji ko'ina a bayan gari har ana lodin ƙwai zuwa wasu jihohi, ga shanu, ga kara. Darussan shiga iri ɗaya ne da na Likitanci kuma gasar ba ta kai ta can ba. Da na ambata sai yarinya ta ɓata fuska ta ce Kawu likitan shanu kuma? Na ce mata mai gonar da kajinsa dubu biyar suka fara mutuwa cikin dare ba ya tambayar nawa ne kuɗin likita. Ba ta karɓa ba dai, kuma ban matsa ba.

Yanzu ga inda zuciyata take, Bayokemistiri da Maikurobayoloji da Anatomi da Fisiyoloji. Duk shekara 4 ne, duk ilimi ne na gaske mai zurfi, ni kaina Bayokemistiri na karanta kuma da shi nake ci nake sha har nake koyar da 'ya'yan mutane. Amma dole a faɗi gaskiya, waɗannan digirin kimiyya ne, ba sa ba ka lasisin taɓa mara lafiya, ba sa ba ka lasisin sa hannu a sakamakon gwajin asibiti, ba sa ba ka lasisin buɗe kantin magani. Sunansu ne yake kama da asibiti shi ya sa ake ruɗar iyaye da su. Ni da aka ce min in shiga zan tsallaka, na shiga, na yi karatu kamar raina zai fita, sakamakona na aji ɗaya ya yi kyau, na cike fom ɗin canjin sashe na kai ofis, na yi ta sintiri wata da watanni, ƙarshe wani ma'aikaci ya tausaya min ya ce ɗana kujerun can a cike suke tun daga JAMB, waɗanda ke ciki ma rage su ake yi. Mu fiye da ashirin muka nema a shekarar, ban san ko mutum ɗaya da ya samu ba. Ba na cewa ba a taɓa yi ba a ko'ina, amma abin da ake samu jefi-jefi ba a ɗora rayuwar yarinya a kansa. Wanda yake son bincike, yana da niyyar digiri na biyu da na uku, ko aikin kamfanin abinci da magani, ko koyarwa, to bismilla ya shiga da idonsa a buɗe zai ji daɗinsa. Wanda kuma asibiti yake so, gara ya yi kwalejin nas ko ta lab ya fito da lasisi a hannu da ya yi shekara 4 yana leƙen tagar wani sashe.

Babanta ya yi shiru can ya ce, to Malam in ta dage sai Likitancin fa? Na ce hanya uku ce, kowacce da kuɗinta. Ta farko ta sake zama, ta rubuta WAEC ko NECO ta fitar da biyar ɗin nan a zama ɗaya da maki masu kyau, ta sake JAMB. Shekara ɗaya ce za ta tafi, kuma shekarunta 17, ba ta makara ba, tunda 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Amma sai in zaman na karatu ne, lasin da tsofaffin tambayoyi da saba hannu da kwamfuta, ba zaman wanke-wanke da kallon waya ba. Ta biyu IJMB, wanda ABU Zariya take kula da shi, ko JUPEB, kusan shekara ɗaya ana darussa 3, in ka ci da kyau ka nemi DE, wato shiga jami'a kai tsaye, ka faɗa aji biyu. A takarda ya fi kyau don ba ka yi asarar shekara ba, amma kujerun DE na Likitanci sun fi na JAMB ƙaranci nesa ba kusa ba, kusan sai mai A a duka ukun, kuma cibiyoyin bogi sun yi yawa, kar a biya ko sisi sai an tabbatar cibiyar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su. Ga sauran kwasa-kwasai kam IJMB hanya ce mai kyau ƙwarai. Akwai kuma rimediyal na kimiyya da Jami'ar Jos take yi, da na ABU a Funtuwa, yana taimakon wanda tushensa bai yi ƙarfi ba, amma shi ma ba alkawarin Likitanci ba ne. Ta uku jami'a mai zaman kanta, irin su Bingham da ke Karu wadda asibitin koyarwarta yake nan Jos, ko Nile a Abuja, can makin JAMB ba ya tsauri kamar na gwamnati kuma babu yajin aiki, amma Likitanci miliyoyi ne duk shekara har shekara 6, kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 makarantun gwamnati kawai ya shafa. Kar mutum ya sayar da fili ya biya shekarar farko bai san inda ta uku za ta fito ba, na ga yaron da aka dawo da shi gida daga aji uku saboda haka, abin ba daɗin gani.

Maganar wace jami'a kuma, akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Jami'o'in tarayya suna raba kujeru kashi uku, 45 cikin 100 cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan rukunin na ƙarshe. Wato maki ɗaya zai iya shigar da kai a wata jami'a ya kasa a wata, gwargwadon jihar da ka rubuta. A nan ne mu 'yan Jos muke yawan samun tangarɗa, yaro ya rubuta jiha a fom ɗin JAMB, ranar rajista a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma sai a ga wadda yake da ita ta wata jihar ce daban. Tun kafin a je wajen rajista a zauna a gida a duba wace takarda ce a hannu, ita za a rubuta, kuma suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da WAEC da JAMB, harafi ɗaya yana iya cin wata guda ana gyara. Jami'ar jiha kamar ta Bokkos 'yan jiharta take fara dubawa, haka kowace jami'ar jiha take. Kuma a lissafa da kuɗin zama, yarinyar da za ta hau keke daga Anguwan Rogo zuwa Jami'ar Jos a Bauchi Road ko Naraguta ta dawo ta ci tuwon gidansu ba ɗaya take da wadda za a kama wa hostal a Kano ko Gwagwalada ba. Yajin aiki ma a sa shi a lissafi, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci.

Ƙaninta yana gefe yana jinmu, shi yana aji biyar a ɓangaren Art, ya ce Kawu ni fa lauya. Na tambaye shi kana yin Litireca? Ya ce makarantarsu babu malamin. To ka ji irinta. Lauya shekara 5 ne sai shekara 1 a makarantar horon lauyoyi, hedikwatarta tana Bwari, akwai reshe a Bagauda da Yola, kuma ba a shiga sai da kiredit a Adabin Turanci, a JAMB ma ana son shi tare da irin su Gwamnati ko Tarihi da darasin addini. Yara nawa ne suka ci maki mai kyau aka ƙi su saboda wannan darasi guda, sai a tura su Kimiyyar Siyasa ko Soshiyoloji suna ta mamakin abin da ya faru. Na ce wa babansa tun yanzu a nemo masa mai koya masa a waje a sa shi cikin darussan da zai rubuta. Wanda ya fito daga makarantar Islamiyya da takardar NBAIS kuma yana da Larabci mai kyau, ya duba ɓangaren Shari'a a ABU ko BUK ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lauya ne cikakke zai fito. An sanar a 2025 cewa 'yan Art ba dole sai da kiredit a Lissafi ba, amma ni ina gaya wa ɗalibaina su ci abinsu, ba ka san ranar da za ka so canza layi ba.

Injiniya da Kwamfuta ba mu daɗe a kansu ba don babu mai so a gidan, amma a taƙaice Injiniya shekara 5 ne, JAMB ɗinsa Lissafi, Fiziks, Kemistiri, babu Bayoloji, don haka wanda ya rubuta haɗin Likitanci ba zai iya juyawa can a shekarar ba, wannan ma wani tarkon ne. Kwamfuta shekara 4 ce a yawancin jami'o'i, tana son Lissafi da Fiziks, kuma ita takardar ba ta isa, sai abin da hannunka ya iya, yaron da ba shi da laftof zai sha wuya. Wanda yake son Akanta kuma Lissafi da Tattalin Arziki ne, shekara 4, daga baya ya bi ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kwalejin ANAN ɗin ma tana nan Kwall kusa da mu. Ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai shi ma yana nan a Jami'ar Jos, garin kuza guda, amma ban cika ganin yaranmu suna nema ba.

Abu na ƙarshe da na ja musu kunne a kai shi ne CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da admishan ta cikinsa. Duk admishan ɗin da bai fito a shafin JAMB ba, ka shiga da kanka ka danna ka karɓa ka fitar da takarda, to ba admishan ba ne, ko wa ya ba ka shi, kuma ranar tafiya bautar ƙasa ne abin zai fito fili. A tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can a cibiyar da JAMB ta amince da ita, in ba a ɗora ba jami'a ba za ta ma gan ka ba. Idan makaranta ta ce ta mayar da kai wani kwas, saƙo zai zo a CAPS ɗin, kana da ikon karɓa ko ƙi, kar a bar mai kafe ya danna wa yaro karɓa don kawai ya ga kore, in an karɓa an rufe ƙofar sauran na wannan shekarar. Lambar waya da imel da kalmar sirri su kasance na yaron ne ko na gida. Sannan kowane kwas aka zaɓa a duba ko NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da shi a wannan makarantar, in na lafiya ne ko Lauya ko Injiniya a duba har da hukumar sana'ar, don akwai masu gamawa su zauna shekara da shekaru suna jiran a ba su lambar rajista.

Mun tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya ba a yanke komai ba, na ce a ba ta kwana uku kar kowa ya yi mata maganar. Na roƙi wata tsohuwar ɗalibata da take aikin lab a wani asibiti a cikin gari ta bar ta ta wuni tare da ita, ta je ta ga yadda ake shafa jini a gilashi a sa masa launi a leƙa a madubin nan, aka nuna mata ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da idonta, ta dawo tana ta ba uwarta labari har abinci ya huce. Ranar Alhamis ta kira ni da kanta ta ce Kawu a canza min zuwa Lab, amma ina so in sake NECO ɗin nan ta masu zaman kansu in gyara Kemistiri ko da za a bukaci zama ɗaya. Muka je cibiyar JAMB da safe ni da ita da babanta, aka canza kwas, aka sa kwalejin nas a zaɓi na gaba, na tsaya a bayan mai kwamfutar sai da na karanta kowane layi kafin ya tura. Yanzu kullum bayan la'asar tana zuwa gidana da littafinta muna bin lissafin mol da daidaita ikweshan, jerin farko na admishan bai fito ba tukuna.